Larai Mai Cire Ƙugiya

Larai 'yar masunta ce daga wani tsibiri a kogin Binuwai, inda mota ba ta zuwa. Can wani Bature ɗan mishan na Angilikan, Mista Alden, ya yi shekara ashirin yana zagaya ƙauyuka a kwalekwale. Wa'azinsa bai ja kowa ba sai mutum uku, amma duk wanda kurkunu ya kwantar ko ƙugiya ta huda, wurinsa ake kai shi. Larai, da mijinta ya nutse tana da ƙuruciya, ita ke tafasa masa ruwa. Tana kallo har hannunta ya iya. Sau ɗaya ya yi mata tayin addininsa, ta ce a'a, bai sake ba. Da zazzaɓi ya kashe shi, mutum biyar suka binne shi, har da ita.

A 1958 ta biyo yayanta Usman ta Sudan zuwa aikin hajji. Usman ya rasu a Jidda kafin su juya. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba dangi, ta kama ɗan ɗaki a bayan unguwar Bagdadiyya, tana gyaran kifi a bakin teku.

Wata rana wani masunci, Hamad, ya sauko daga jirgi da ƙugiya a tafin hannu, abokansa na shirin fizge ta. Larai ta ture su. Ta tura ƙugiyar gaba har bakinta ya ɓullo, ta datse shi, ta zare sauran, ta wanke da tafasasshen ruwan gishiri.

"Halas, an gama," ta ce. "Kar ka taɓa ruwa kwana bakwai."

"Ya Hajja, wa ya koya miki?"

"Wani Nasara ne, a garinmu."

Mutanen suka kalli juna. Daga ranar ba ta ƙara ambatonsa a bakin teku ba.

Amma masu rauni suka yi ta zuwa, har daga ƙauyukan masunta na kudu. A ɗaure musu, su gode, su tafi. Ba wanda ya san Binuwai, balle ta yi hirar da ke cinta. Ta taɓa tambayar Malam Abdulghaffar, limamin unguwa, ta bayan labule:

"Malam, mutum ya yi maka alheri, ya mutu ba a kan Musulunci ba. Me zan yi masa?"

Malam ya ce, "Hajiya, hisabinsa na wurin Allah. Ke dai ki ci gaba da abin da kike yi."

Ta ci gaba. Da idonta ya fara dushewa, ta zaunar da matar Hamad ta koya mata, duk da rabin Larabcin Larai da hannu take yin sa.

Ta rasu a 1974, da hantsi. Kwana biyu aka yi kafin labari ya kai bakin teku, don haka masuntan ba su sami jana'iza ba. Maƙwabta huɗu ne suka kai ta.