Ƙanena Mai Keke, Wanda Na Yi Wa Hassada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ranka a shagonka na ɗinki, bayan ka sauke yara a makaranta. Zuciya ce ta tsaya. Kai ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma akwai abin da ban gaya maka ba kana raye: shekara bakwai ina jin haushinka.

Ni na fara sayen mota a gidanmu, mai sanyi, mai baƙin gilashi. Kai kuma ka sayi tsohon keke mai ƙafa uku, ba don haya ba, don iyali kawai. Ka ɗinka masa labule da ragowar yadin shago. Na yi maka dariya a gaban mutane, ka taya ni.

Sai ga shi kullum da safe 'ya'yana suna tsallake motata su ruga ƙofar gidanka. Su cusu da naka a baya, jakunkuna a kan cinya, matarka a gefe da kwandon cefane, kuna tafe kuna waƙa. Ni in bi bayanku a mota ni kaɗai. Ranar da babbar 'yata ta ci jarrabawa, kai ta fara gaya wa, a cikin keken nan. A bakin matarka na ji labarin. Na kasa cin abinci, kashegari na hana su hawa, na ce wannan gwangwanin zai kashe min 'ya'ya. Ba ka yi musu ba. Ka ce, "Gaskiyarka, Yaya." Ka je wurin mai walda ya sa ƙarafa a gefe biyu, ka kawo min in duba. Haushina ya ƙaru.

Na Inna ya fi yi min ciwo. Mahaifiyarmu ɗaya, amma kai take jira ranar asibiti. Ka sa kafinta ya yi mata ɗan matakala saboda gwiwarta, ka san kowane rami a layinmu, kana rage gudu tun kafin ka isa. Da na yi ƙorafi, ta ce, "Motarka ta fi kyau, ɗan nan. Shi dai yana tuƙi yana waiwayowa yana dubana."

Ko ranar jana'izarka ban warke ba. Na ga masu gadi, masu shara, da matan da ka kai haihuwa kyauta sun cika layi, na tambayi kaina ko rabinsu za su zo tawa.

Jiya na durƙusa gaban Inna na ce daga yanzu ni zan riƙa kai ta wurin likita. Ta ce, "Wace rana ce nake zuwa?" Ban sani ba.

Ka yafe min, ƙanena. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da marayunka huɗu, da 'ya'yana da suka yi rashin Baffansu. Allah Ya ba mu haƙuri, ni kuma Ya wanke min zuciya kafin tawa ta zo.