Tabon Zobe a Dashbod

Cikin duk ayyukan da suka bi ta hannuna, wanda ya ƙi barin raina shi ne na ranar da aka jawo wata tsohuwar motar Ingila zuwa shagona a Gusau. Ƙarama ce, kujera biyu, ba rufi, irin wadda Turawa ke hawa don nishaɗi. Ni mutumin Bunguɗu ne. A Kwatano na koyi kafinta, na yi aikin katakon mota a Abijan, na kuma yi 'yan shekaru a wani gareji a Ingila kafin tsufa ya maido ni gida.

Wanda ya kawo ta Iliya ne, ma'aikaci a Abuja. Motar ta mahaifinsa ce, Malam Yohanna, tsohon jami'in gona da ya zo daga Filato tun yana saurayi ya zauna a Damba, nan gefen Gusau. Ciwon suga ya cinye masa ido. Matarsa Saratu kuwa 'yan bindiga suka harbe ta a hanyar Tsafe tana dawowa daga biki. Tun daga nan tsohon ya daina fita, ya daina hira. Iliya ya sa an ta da injin a ɓoye, yana fatan in uban ya sake zama cikin motar zai dawo cikin mutane. Saura dashbod, wato allon gaba mai ɗauke da mitoci.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, allon katako ne aka manna masa ɓawon wani icen Turai siriri kamar takarda, aka shafe da folish. Sai ka kwance mitoci, ka kankare tsohon folish, ka bi da samfefa mai laushi, wato takardar goge katako, sannan ka shafa sabo, ya bushe, ka goge, ka sake shafawa. Abin da samfefa ta ci ya tafi ke nan.

Da na kwance allon na ga rana ta farfasa shi ko'ina. Amma a gefen fasinja, kan murfin 'yar durowa, akwai ƙananan ramuka a cunkushe wuri ɗaya. Wannan ba aikin rana ba ne.

Na ce, "Iliya, wanga tabo hannun mutum ne. Ka tambayi Baba kafin in taɓa shi."

Ya yi dariya. "Haba Malam Sani, in na tambaye shi ai na ɓata shirin. So nake ya yi ƙyalli kamar madubi."

Na gaya masa a Ingila na ga mai mota ya hana a taɓa irin wannan, sai dai a gyara kewayensa. A Abijan da nan gida ne muke son komai ya koma sabo.

"To Baturen Bunguɗu," in ji shi, "mu nan ba ma ajiye tsatsa. A share."

Shi ya kawo aiki, uban kuma nasa ne. Na share. Damina ce, iska da laima, folish yana saurin yin fari, don haka aikin ya ja lokaci. Amma ya fito. Ban taɓa yin wanda ya fi shi kyau ba.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci muka kai motar Damba. Iliya ya riƙo uban ya zaunar da shi a kujerar direba. Tsohon ya kama sitiyari, ya shaƙi ƙamshin kujerun, fuskarsa ta saki har ya yi murmushi. Sai ya miƙa hannun hagu zuwa murfin durowar. Ya shafa. Ya sake shafawa. Ya bi allon da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina wurin Saratu?"

"Wane wuri, Baba?"

"In na cika gudu ba ta magana. Da zobenta take ƙwanƙwasa nan. Tun muna ango da amarya." Ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Malam, kai ne mai aikin? Hannunka na da kyau. Allah ya saka."

Daga nan ya ce a fitar da shi. Iliya ya durƙusa a gaban ƙofar motar yana cewa, "Baba, ban sani ba." Uban ya dafa kansa ya ce, "Na sani ba ka sani ba." Ya shiga gida da lalube, bai yarda kowa ya riƙe shi ba. Aka rufe motar da tamfol. Bai sake shiga cikinta ba har ya rasu.

Ku da kuke kama wannan sana'a, a tsohon katako akwai ɓarna, akwai kuma abin da ya yi kama da ɓarna, kuma ido ba ya raba su. Wanda ya kawo aiki ba lallai ne shi ya san bambancin ba. Yanzu ko wa ya kawo mini tsohuwar mota, ba na ɗaukar samfefa sai na zauna da wanda ya tsufa a cikinta. In an ce ba za a kai ni ba, sai in ce a nemi wani kafinta.