Abin da Alhaji Ke Nema a Bolar Gama

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana Alhaji, Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Duk sanda wannan wata ya kama, abokansa kan tuna shi da masana'antar garin sabulun wanki da ya kafa a Bompai. Ni kuwa da na zauna da shi, abin da ke fara faɗo mini a rai takalmansa ne. Ban taɓa ganin mai hali da ke shigowa gida da warin bola a ƙafa kamarsa ba.

Ranar da na fara ganin abin da idona, bikin suna za mu a unguwar Gama, na ci kwalliya. Muna isa wata ƙatuwar bola a bakin hanya ya ce wa direbanmu Malam Idi, mutumin Jigawa, ya tsaya. Ya ciro sanda daga bayan mota, ya tattare babbar riga, ya shiga tonon shara, matan unguwa na kallo. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska. Da ya dawo da tarkacen ledoji a hannu na ce masa, don Allah, me mutane za su ce? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, dila zai iya yi mini ƙarya, manaja ma haka. Shara ba ta ƙarya. Abin da aka jefar, shi aka saya aka yi amfani da shi."

A lokacin manyan fakiti kawai kamfanin ke yi, ciniki kuma ya tsaya cak, kowa na ɗora laifi a kan rashin talla. A bolar nan Alhaji bai ga fakitinsa ko ɗaya ba. Ƙananan ƙullin leda ya gani, da ragowar gari a cikinsu. Ashe masu tireda ke sayen babba su farke, su ƙulla kaɗan-kaɗan, wasu har su gauraya da marar kyau. Matar Gama ba ta sayen sabulun wata guda, na wankin yau take saya. Abin da ya fahimta ke nan, ya ce sai ya sayo injin yin ƙananan fakiti.

Abokan haɗin gwiwarsa suka ce zubar da girman kamfani ne, ba za su sa hannu ba. Sai ya sayar da filinmu na Hotoro, wanda na ɗora wa buri, ya sayo injin. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ya rarrashe ni da cewa da yayyafi kogi kan cika. Kogin kuwa ya cika. Sashen nan na ƙananan fakiti shi ya riƙe kamfanin, shi ya samar wa mata da dama aikin jera kaya a kwali, cikinsu har da zawarawa masu marayu.

Yau Kano ta zama wata. Ga manyan shaguna masu sanyi da keken tura kaya, ni ma can nake cefane, ban da abin musu. Nakan tambayi kaina me Alhaji zai yi da su. Na tabbata ba zai zage su ba, don shi ba mai faɗa da zamani ba ne. Zai shiga ya yi sallama, ya tsaya kusa da wurin biyan kuɗi yana leƙen abin da ke cikin keken kowa, har sai masu gadi sun tsargu da shi.

Bara wannan tambaya ta zo mana har falo. Ɗanmu Abba, mai sunan kakansa, shi ke riƙe da kamfanin yanzu. Tsadar man inji da ta kayan haɗi ta matsa masa, sai ga wani babban shago mai rassa da yawa ya ce zai kwashe duk abin da suke yi, amma manyan fakiti kawai, kuma da sunan shagon a jiki, ba namu ba. Abba ya zauna ya yi mini bayani a natse. Ƙaramin fakiti yana cin leda, yana cin ma'aikata, yana cin motocin da ke bin tireda-tireda. Can kuwa tirela ce za ta ɗauka ta sauke a wuri guda. Maganarsa da hujja, ban ga inda zan kama shi ba. Amma in ya amince, sashen ƙanana zai rufe, matan nan su koma gida.

Ban ce masa ubanka ba zai yi haka ba, don ba a tsorata rayayye da mamaci. Addu'a na yi ta yi. Sai aka yi rasuwa a Gama, na ce ya raka ni gaisuwa. Hanyar dai ni na zaɓa, iyakar abin da na yi ke nan. Muna kusa da bolar Malam Idi ya rage gudu har mota ta kusa tsayawa. Abba ya tambaye shi lafiya? Ya ce, "Yallaɓai, ƙafa ce ta saba. Sandar ma tana nan a baya, ban taɓa cire ta ba."

Abba ya buɗe ƙofa, ya ɗauko sandar ya nufi bolar. Wannan karon ban rufe fuska ba.

Ya ga ledojin kamfaninsu da yawa. Amma ya ga kuma ƙullin nan na dā ya dawo, ƙanana ƙwarai. Rayuwa ta yi tsanani har ƙaramin fakitin ma farke shi ake a raba. Waɗannan mutane ba sa shiga babban shago, saboda haka babu su a bayanan da ake turo masa a kwamfuta.

Bai kwaikwayi mahaifinsa ba, nasa ya yi, don in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ya koma wa masu shagon ya ce zai ba su wani kaso, ba duka ba, kuma da sunanmu. Ya ce mini wanda ya zama shi kaɗai ke saye a hannunka, gobe shi zai yanka maka farashi. Suka rage abin da za su ɗauka, shekarar ta yi masa nauyi. Amma sashen bai rufe ba, har an ƙara fakitin da ya fi na dā ƙanƙanta, matan kuma suna bakin aikinsu.

Ba zan wanke Alhaji tas ba. Ledojin da suka ciyar da mu su ne ke toshe kwatoci da damina, shi ma a jinyarsa ta ƙarshe ya ambaci haka da damuwa. Wannan nauyi yana nan a wuyan masu rai.

Injinsa ya tsufa an canza shi, filin Hotoro wani ya gina. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar sauka daga mota a je a duba yadda talaka ke rayuwa kafin a yanke hukunci a kansa. Ranar da muka dawo daga Gama, Abba ya cire takalmansa a ƙofa, mai aiki ta zo za ta ɗauka. Na ce ta bar su, ni zan wanke.

Allah Ya gafarta wa Alhaji, Ya haɗa mu a Aljanna.