Gero a Kan Gadon Maigida

Maigidana ya yi shekara ashirin da wani abu yana aikin ruwa a Kebbe, kullum kansa a cikin rijiya. Da ya yi ritaya muka dawo Tambuwal, sai ya ce ya gaji da kallon ƙasa. Ya sayo madubin hangen taurari da kyamara, ya kwashe geron da ke babban rumbunmu, ya sa magini ya rage tsawon bangon, ya fasa ƙofa, ya kafa ginshiƙin siminti a tsakiya. Hular rumbun ta ciyawa ya ɗaura mata igiya, ana ɗagewa ana mayarwa. Mutanen unguwa suka yi masa addu'ar samun sauƙi.

Da wata yake nema, da an yafe masa. Duk jajibirin azumi sai dattawa su aiko a tambaye shi ko ya gani, shi kuwa ya ce madubinsa ba can yake kallo ba. Abin da yake bi wani siririn hayaƙi ne shuɗi da ke kewaye da taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Ido ba ya ganinsa. Kyamarar ma ba ta kama shi a hoto ɗaya, sai an ɗauki ɗaruruwa an tara a kwamfuta, kamar mai cika tulu da raɓa. Ni aikina riƙe tocilar da ya naɗe da jar leda, da yin shiru. Na fi iya na farkon.

Mako biyu ya yi yana saita kan ginshiƙin da tauraron arewa, don injin da ke ɗauke da madubin ya riƙa bin juyawar sama. Da ya gama ya ce ko tsintsiya kada ta taɓa wurin. Shi ne kaɗai wurin da aka taɓa hana ni sharewa tun da na yi aure. Kuma duk daren da ya gama aiki, sai ya rufe bakin madubin da murfi ya ci gaba da ɗauka. Na tambaye shi hoton me ke nan. Ya ce na duhu ne, wai duhun ma da nasa datti, sai an san shi ake iya cire shi. Na ce Allah ya ƙara ilimi.

Damina ta ƙarshe ya yi ta yana jiran gajimare ya wuce. Kafin ya wuce, zazzaɓi na kwana biyar ya tafi da maigidan. Sama ta washe tas ranar sadakar bakwai. Ta iya zaɓen lokaci. A littafinsa na ga ya rubuta cewa saura ɗaukar dare tara hoton ya kammala.

Ina cikin takaba ƙaninsa ya zo daga Jabo da amalanken shanu cike da dammunan gero, rabonmu na gonar gado. Mutumin kirki ne, kuma tsakaninmu akwai wasa tun ina amarya. Ya tsaya a bakin rumbun yana naɗe hannun riga.

"Hajiya, ga na bana. A fidda ƙarafunan ga, rumbu shi koma aikin da anka gina shi domin shi."

Na san idan aka matsar da abin nan ko da faɗin farce ne, ba mai iya mayar da shi, balle ni. Na ce, "Ƙaramin maigida, ba a taɓa su."

"Mi za a yi da su? Mai su ya tafi inda ba a bukatar madubi."

Yana faɗa ya sunkuyar da kai. Na bar shi ya ji nauyin maganarsa kaɗan.

Ya ce, "To ina kika so in kai geron? Bisa kaina?"

"Kanka na da wuri, amma ɗakin yayanka ya fi kusa."

"Gero bisa gado? Lallai ɓerayen Tambuwal sun samu katifa."

Ya yi ta mita, amma ya jibge dammunan a ɗakin, tun daga kan gado har kusa da rufi. Sai daga baya na lura na daina tsayawa a ƙofar ɗakin nan ina kallon gadon, don babu sauran gadon da za a kalla.

Matan dangi suka ce mai takaba ba ta yawon dare. Na ce rumbun a tsakar gidana yake, kuma ba kwalli nake sa wa taurari ba. Suka kai maganar ga limamin unguwa, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan a littafi ba, su bar ni.

Dare tara ɗin ya ɗauke ni wata biyu. Wani lokaci farin wata ya ɓata aikin, wani lokaci maƙwabcinmu ya kunna fitilar solarsa da ke haska kajinsa har asuba. Shekarun riƙe tocila ashe ba su tafi a banza ba, hannuna ya san abin da ake dannawa. Kowane dare in na gama, in rufe murfin in ɗauki duhun, yadda yake yi. Wannan ne ya fi mini wuya, don ba abin kallo, sai zama.

Da kwamfutar ta tara hotunan, hayaƙin ya fito, shuɗi, siriri, kamar an ja auduga a tsakanin taurarin. Wasu taurarin sun ɗan miƙe, kuma na san daga hotunan da ni na ɗauka ne. Ban cire su ba.

Ƙanin ya zo ranar kasuwa, na juya masa kwamfutar.

"Wanga na? Awa yaro ya goge allo da jiƙaƙƙen hannu."

"Shi ne. An gama. Kana iya zuba geronka."

Ya daɗe yana kallon hoton, har shayinsa ya huce. Sannan ya fita ya zagaya rumbun, ya leƙa ta ƙofa bai shiga ba. Ya dawo ya ce ai an riga an lalata bangon, ko an zuba gero ruwa zai ci shi, shi ba ya asarar hatsinsa don rigimata.

Ɓeraye sun ci dami biyu a wannan shekarar, a kan katifa. Ban sa musu tarko ba.