Sunan Mahaifina a Asibitin Riyad

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Lahadi muka fito daga gida a Wadi Dawasir, ni da yaron. Ku da kuke ta turo saƙo daga Tasawa kuna tambayar me ya kai ni Riyad, ga shi na rubuta sau ɗaya. Kowa ya karanta, kada a sake tambayata.

Yaron ɗan farina ne, shekararsa biyar, ba ya magana. Sunan marigayi Baba na sa masa, kun kuwa san abin da hakan yake nufi a wurinmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. "Kai" nake ce masa, in da uwarsa nake magana in ce "yaron nan". Ita matata Asiya a Makka aka haife ta, kakanta ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba, suna da takardar ƙasa. Sun daɗe da yar da wannan kunyar, gatsau suke kiran sunan. Larabawan gonar ciyawar da nake aiki ma da sunansa suke kirana, Abu wane, wato baban wane. Shekara biyar ina amsawa ina sunkuyar da kai.

Likitan garinmu ya ce yana zaton tawahhud ne, abin da rediyon gida take ce wa galahanga, amma babban asibiti a Riyad ne zai tabbatar ya rubuta. In babu wannan takarda makarantar irin waɗannan yara ba za ta karɓe shi ba, kuma ba mu da hanyar neman tallafin da gwamnati take ba masu lalura, wanda aka ce ɗan 'yar ƙasa ma yana iya nema. Wata bakwai muka jira ranar. Da ta zo, Asiya tana kwana goma sha ɗaya da haihuwa, aiki kuma aka yi mata. Dole sai ni.

A bakin ƙofa ta miƙo min jaka da wani gwangwanin madara mai murfi.

"Meye wannan?"

"Ƙwallon dabinonsa. In ka yar da shi, kada ka kira ni."

LAHADI, DAGA WADI ZUWA RIYAD

Mun yi salla a tasha, bas ya tashi biyar da rabi. Tafiyar ta fi kilomita ɗari shida. Na sa shi a gefen taga na zauna kamar ban san shi ba, yadda na saba. Ya buɗe gwangwani ya jera ƙwallayen a kan cinyarsa, layi ɗaya, kowanne kai na duban gaba. Ni da ake ce wa in jera buhuna a gona ban taɓa yin layi mai kyan wannan ba.

Bayan Sulayyil muka sami shingen bincike. Askari ya hau, na ba shi iƙamata, wato katin izinin zamana. Ya dubi yaron.

"Ɗanka ne? Meye sunansa?"

Na miƙa masa takardar haihuwa.

"Tambayarka na yi. Ba ka san sunan ɗanka ba?"

"Na sani."

"To faɗa."

"Yana rubuce, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona. Sai da direba ya leƙo ya ce ya san ni, ɗan gonar wane ne, sannan askarin ya mayar min da takardun yana girgiza kai. Na so in yi masa bayani, na ga bas ɗin ba zai jira ba.

Da direba ya ja mota ƙwallayen suka zube. Jama'a, ban san yaron yana da murya haka ba. Ya kurma ihu, ya kama bayan hannunsa ya ciza. Na tsince su na zuba masa, bai yi shiru ba. Wata tsohuwa Badawiya a kujerar baya ta ce, "Ya waladi, duba ƙasan kujera, saura ne." Na durƙusa na lalubo ɗaya a wurin takalmin wani. Ina ajiye masa ya yi tsit. Ashe ya san adadinsu. Ni na ƙirga daga baya, goma sha huɗu ne. Ta yaya wanda ba ya cewa "ruwa" ya san goma sha uku ba goma sha huɗu ba ce? Har muka kai Laila ina wannan tunanin.

A Laila muka tsaya tara da rabi. Na sayi wake da gurasar tamis riyal shida, ya kau da kai. Sai na tuna saƙon Asiya: farin burodi da nono kawai, kuma a yanka burodin gida huɗu. Na yanka, ya ci. Da yana son ruwa bai nuna ba, bai dube ni ba. Hannuna ya kama ya ɗora a kan murfin gora, kamar yadda mutum yake ɗaukar sifana. Rabon da ya taɓa hannuna har na manta.

Muka wuce Hauta da Kharj, biyu da kwata muka sauka a tashar Aziziya.

ƊAKIN IDI

Idi Badamagare ne, tare muka shigo ƙasar nan shekara ashirin da suka wuce. Yana dakon kwandunan tumatir a babbar kasuwar gwari, su huɗu a ɗaki ɗaya a bayanta. Ya dafa mana shinkafa da miyar da tumatirinta ya fi ruwanta yawa. Yaron ya sami fanka ya zauna a gabanta, bai motsa ba har magariba.

"Gobe ka ƙara gishiri," in ji Idi. "Ka ce yana fasa kaya, yana hawa bango. In ka ce lafiya lau, sisi ba za su ba ka ba."

"Ni ba zan yi wa ɗana ƙarya ba."

"To faɗi gaskiyar in ji. Yaushe ya fara tafiya?"

Na ɗebi shinkafa na kai baki.

"Me yake tsoro?"

Na ce masa ya ci abincinsa.

"Laminu, ka fi sanin injin ban ruwan ubangidanka a kan yaron nan. In da injin ka kawo asibiti, da yau an sallame ku."

Sauran suka yi dariya. Ban yi ba, don gaskiya ya faɗa.

LITININ, ASIBITI

Bakwai da kwata muka shiga sabon jirgin ƙasa na cikin gari, riyal huɗu. Ba shi da direba. Na leƙa gaba na sake leƙawa, ba kowa, gilashi ne kawai. Yaron ya manna goshi a gilashin yana kaɗa hannuwa kamar tsuntsu, yana wani sauti da ban taɓa ji ba. Daga baya Asiya ta ce min dariyarsa ke nan. Muka bi ta ƙarƙashin tsohuwar unguwar Dira, muka sauka can gaba, muka ƙarasa da tasi.

Tara daidai aka kira mu. Na zaci allura za a yi masa ko a ɗauki hoton kansa. Ina! Ɗaki ne da kafet da kayan wasa. Likitar mace ce mai tabarau, ta zauna a ƙasa kamar mai tsinar wake. Ta hura kumfar sabulu, ta tura masa mota, ta ɓoye 'yar tsana a ƙarƙashin mayafi, tana yi tana rubutu. Na tambaye ta me ake aunawa da kumfa. Ta ce ba kumfar take kallo ba, tana duba ko zai juyo ya dubi wani don a yi murnar tare. Bai juyo ba.

Sannan ta dawo kaina.

"Ya yake a gida?"

"Alhamdulillah."

"Yana kallonka a ido?"

"A'a. Yana da ladabi."

Ta ɗago. Na ce mata ni ma har Baba ya rasu ban san launin idonsa ba, a wurinmu yaron kirki ba ya zuba wa babba ido. Ta ajiye biro ta ce in ƙara mata bayani, wai ba ta taɓa ji ba. Na yi mata. Ta ce, "To uwarsa fa? Yara 'yan'uwansa fa?" Na ce ban sani ba. Ta ci gaba da jero tambayoyi.

Yana nuna abu da yatsa? Ban sani ba. Yana kawo maka abu don ka gani? Ban sani ba. Ya taɓa faɗin wata kalma ya daina? Ban sani ba. Ta rufe fayil.

"Abu wane, da 'ban sani ba' ba zan iya rubuta komai ba. Sai dai ku nemi wata rana ku dawo da uwarsa."

Wata rana ke nan wata bakwai, makaranta kuma ta rufe ɗaukar yara. Na ce ta yi min minti ɗaya, na kira Asiya a waya mai hoto. Tana kwance da jaririya a ƙirji ta amsa komai, kusan minti arba'in. Ina riƙe da wayar ina jin labarin ɗana kamar na baƙo. Ashe yana da shekara ɗaya da rabi yana cewa "Baba", sannan ya daina. Ba wanda ya gaya min, don ban taɓa tambaya ba.

Da aka gama likitar ta ce saura abu ɗaya. Ta koma bayansa ta kira sunansa sau biyu, bai waiwayo ba.

"Ni baƙuwa ce, yara da yawa ba sa kula baƙo. Muryar gida nake so, a cikin ɗakin nan, ba ta waya ba. Tsaya a bayansa ka kira shi."

Na tsaya. Na ce, "Kai."

"Da sunansa."

Na gaya mata sunan mahaifina ne, kuma ɗan fari ne, ba ma yi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na gane. Amma wannan layin ba zan cike shi da zato ba."

Na dubi ƙeyarsa. Yana jera ƙwallayensa a bakin kafet. Na ce a raina, Baba ka yafe min, kai ma da ka kira.

"Yahaya."

Bai juyo ba.

"Ƙara."

"Yahaya!"

Sau huɗu na kira. Ya gyara ƙwallo na ƙarshe ya daidaita shi da sauran. Likitar ta rubuta.

Na tambaye ta abin da ya tokare ni. Na ce ko don ban taɓa kiransa ba ne ya sa bai san muryata da sunan ba, ko ni na jawo masa wannan abu gaba ɗaya. Ta ce uwarsa tana kiransa kullum, ita ma ba ya juyowa. Ta ce ba kunyata ce ta kawo shi ba, ba kuma aljani ba ne, haka aka halicce shi. "Amma daga yau ka riƙa kira. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ka kira, ka ba shi abin da yake so. Kullum."

Da la'asar muka sauka a Dira don in huce. Na ga tsohon ginin Masmak, na ƙasa ne, jar laka irin ta gidajenmu. Su sun kewaye nasu suna ɗaukar hoto, mu muna rushe namu. Yaron bai kalli ginin ba, inuwarsa yake bi.

TALATA, TAKARDA

Goma na safe na karɓi rahoton, shafi uku da hatimi. Tawahhud ne, an tabbatar. Wata ma'aikaciya a ofishin ƙasa ta karɓi wayata ta shigar da neman tallafin da lambar katin Asiya, don yanzu komai a waya ake yi. Na tambaye ta nawa ne, kuma yaushe. Ta ce ba ita ke yankewa ba, akwai masu dubawa, mu jira saƙo. Saboda haka masu zaton na dawo da kuɗi su kwantar da hankalinsu, takarda na dawo da ita. Na ɗauki hotonta na tura wa makarantar, suka amsa cewa in kawo shi ranar Lahadi su gan shi.

Idi ya juya takardar sama da ƙasa, shi da ba ya karatu. "Ba ka ƙara gishirin ba?"

"Bai buƙata ba."

LARABA, KOMAWA

Shida na safe muka bar Aziziya. A hanya na gwada abin da likitar ta ce. A Kharj na kira shi na ba shi burodi, a Laila na kira shi na ba shi nono, a hankali don kada na kusa su ji, sai kuma na tuna ba wanda ya san Baba a cikin motar. Bai juyo ko sau ɗaya ba. Bayan Sulayyil dai barci ya ɗauke shi a kan hannuna, na bar shi har hannun ya mutu.

Uku saura muka isa. Na saɓo shi a kafaɗa tun daga bakin titi, maƙwabta suna kallo. Surukata ce ta buɗe ƙofa, Asiya tana zaune a falo.

Na ce, "A shimfiɗa wa Yahaya, ya gaji."

Surukata ta wuce ɗauko bargo, ita jin sunan a bakina bai zame mata komai ba. Asiya ce ta tsaya da jijjiga jaririyar ta zuba min ido. Na miƙa mata takardar da gwangwanin, na ce ta ƙirga, goma sha huɗu ne cif.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Idi da mutanen ɗakinsa, da tsohuwar da ban san sunanta ba, da likitar da ta zauna a ƙasa. Yaya Hassana, na san in aka karanta miki wannan za ki ce zaman Larabawa ya lalata ni. Ki faɗa, na ji. Amma in kin kira waya kika ji ina kiran sunan Baba a tsakar gida, kada ki kashe. Jira nake ya juyo.