Kwamfutar da Abokina Ya Sayo Mini

Shekaru sun ja da faruwar wannan abu, amma jiya da wani ya tambaye ni yadda na koma ɗaukar sauti da kwamfuta, sai na ji raina ya sake ɓaci kamar yau aka yi.

A lokacin ina da ɗan sutudiyo a shagon ƙofar gidanmu a Funtua. Sutudiyo dai a baki: rikoda ce mai kaset, da miksa ta haɗa sauti, da makirfo, sai tsofaffin katifu da na jingina a bango don kada ƙarar babura ta shigo. Amma da shi nake ci. Mawaƙan biki, masu tallar magani, 'yan Islamiyya masu waƙen sauka, duk wurina suke zuwa. Sai kaset ya fara mutuwa ina kallo. Mutum zai gama waƙarsa in miƙa masa kaset, ya jujjuya shi a hannu ya tambaye ni a ina zai saka. Kowa so yake a zuba masa a memori ya ji a waya.

Ba ni da ƙarfin sayen sababbin kaya. Abin da na mallaka shi ne masarar da na noma a gonarmu ta Tsiga, ita ma ba wani yawa gare ta ba. Nan abokina ya shigo maganar. Unguwa ɗaya muka tashi da shi, kwano ɗaya muka ci tuwo, kuma yana zuwa Kano saro wayoyi da kayan lantarki. Ya ce in sayar da masarar, in haɗa masa da rikodar da miksar ya yi musaya da su a can, zai kawo mini laftof da ɗan akwatin da ake jona makirfo da ita. Ya yi ta jero mini sunayen kayan cikin kwamfuta da Turanci, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar wani injiniya. Mahaifiyata ta ce in bar rikodar tukuna sai na ga yadda sabuwar za ta yi. Na ce mata ai zamani ya wuce nan.

Ya kawo kwamfutar tana ƙyalli a cikin leda. Na duƙufa koyo, har na iya ɗaukar muryata in sa mata amsa-kuwwa, ina jin kaina. Abu ɗaya na lura da shi, da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take. Na gaya masa, ya yi dariya ya ce haka sabon batir yake, sai ya sha caji sosai kafin ya zauna. Har rantsuwa ya yi mini.

Ana cikin haka aka kawo mini aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Wani tsohon makaɗin noma ne daga Ƙarfi, wanda tun muna yara muke jin labarin gangarsa a wurin gayya. Babban ɗansa ne ya kawo shi da 'yan amshinsa, ya ce muryar Baba ta fara ja da baya, suna so a adana waƙoƙinsa tun da sauran ƙarfi. Tun hantsi muka fara, ba mu tsaya ba sai don salla. Tsohon nan ya yi ta kiran manoman ƙasar Malumfashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, mafi yawansu sun daɗe a ƙasa. Ɗaya daga cikin 'yan amshin da ya ji an ambaci mahaifinsa sai da ya share hawaye.

Bayan la'asar, yana tsakiyar waƙar ƙarshe, aka ɗauke wuta. Kwamfuta ta yi ɗif. Na ruga na jawo waya daga janaretan mai askin da ke maƙwabtaka da ni, na kunna. Ta ƙi tashi. Na kashe na sake kunnawa, gumi na zuba, sai wani rubutu take nuna mini wanda ban gane kansa ba.

Tsohon ya ce, "Ɗana, a kunna mana mu ji."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, kamar abin bai zauna ba."

Sai ya tambaye ni ko ba shi ne da can idan wuta ta ɗauke, abin da aka riga aka ɗauka yana nan a kaset ba. Na ce haka ne. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya rataya gangarsa ya ce in Allah ya kai mu bayan an gama aikin kaka za su dawo.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara kusa da tasha, Bayarabe ne haifaffen Funtua. Ya buɗe cikinta ya kira ni in gani da idona. Batirin ya kumbura, ya daɗe da mutuwa. Ma'ajiyar da sauti ke zama a ciki tsohuwa ce tukuf, mutuwar da kwamfutar ke yi farat ɗaya ce ta ƙarasa ta. Ya ce gawarwakin kwamfutoci aka harhaɗa aka goge bayan, kuma duk wanda ya sayo ta ya san abin da ya sayo. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ko tari ɗaya na tsohon bai fito ba.

Daga nan shagon abokina na wuce. Yana ganina ya fara cewa kayan hannu ba su da tabbas, shi ma taimakona ya yi. Yana cikin magana idona ya faɗa bayan kantar shagon. Miksata ce a ajiye, har da jan salatif ɗin da na naɗa a maɓallin da ya tsage. Ashe ko Kano ba ta je ba, hayarta yake bayarwa ga masu kiɗan biki.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "To ai ka riga ka ba ni."

Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Sai da mutanen kasuwa suka ɓamɓare ni. Magana ta je gaban manyan unguwa, aka sa ya dawo mini da miksar, rikodar kuwa wai ya sayar wa 'yan gwangwan. Abin da ya fi ƙona mini rai a zaman nan, kowa ni yake ba haƙuri, kowa zumunci yake tuna mini. Ba wanda ya dubi idonsa ya ce masa ka yi ƙarya, ka ci amana.

Da ƙyar na lallaɓa aka sa mini wani batir da wata ma'ajiyar a kwamfutar. Da kaka ta wuce ban jira su zo ba, na ɗaure kayana a bayan mashin na tafi Ƙarfi. Na tarar da tsohon a kwance, ciwon shanyewar jiki ya kama shi, harshen ya karye. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, bakinsa na motsi ba abin da ke fita. Kafin damina ta kankama ya rasu.

Yau sutudiyona ya koma na kwamfuta gaba ɗaya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kaɗan-kaɗan na tara kayan. Ba na sayen komai sai an zare shi daga wuta a gabana na ga ya tsaya da ƙafarsa, kuma kowace waƙa wuri biyu nake ajiye ta kafin mai ita ya tashi. Mai shirin sauyawa, kada ya rabu da tsofaffin kayansa sai sababbin sun yi masa aiki ya gani.

Abokin nawa muna haɗuwa a masallaci, muna gaisawa, iyakarta ke nan. An ce in yafe, na kuma yi ƙoƙari. Masarata na yafe, rikodar ma na yafe. Amma duk shekara idan ɗan tsohon nan ya kawo hatsi kasuwar Funtua, sai ya biyo ta shagona ya tambaye ni ko yanzu da ilimi ya ci gaba an sami dabarar ciro muryar Baba daga matacciyar ma'ajiyar nan. Duk shekara ni ke cewa a'a, ni ke kallon fuskarsa. Wannan kam ban yafe ba.