Gaisuwar Tsohon Mahauci a Ƙofar Rini

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da abokin aikina mai ɗaukar hoto, na rungume kwamfuta a cinya kamar jinjiri. Sakkwato muka nufa. 'Ya'yan wani tsohon mahauci na Ƙofar Rini ne suka ba mu aikin bidiyon tarihin mahaifinsu, za a haska shi a taron zuri'a ranar Asabar. Yankan bidiyo da jera hotuna nawa ne. Rubutu mai motsi da taswira kuwa na wani gwani ne a Runjin Sambo, wanda ban taɓa gani ido da ido ba. Ta waya muke ta jifan juna da fayil, har na gaji na ce gara in je mu ƙarasa tare.

Bayan Funtuwa hanya ta fara nuna halinta. Direbanmu ya san kowane rami, sai dai sani bai hana shi faɗawa ba. A Talata Mafara muka sha fura da nono, kuɗinta ya ƙaru amma ƙwaryar ta ƙanƙance. Abokina ya yi ta mita, ya kuma nemi ƙari. Da muka doshi Sakkwato sai buhunan albasa a bakin titi, da wani zafi da ya sa na daina yi wa Kano ƙorafi.

Keke ya sauke mu a shagon gwanin. Ɗan ɗaki ne, da fanka mai amfani da sola da allon kwamfuta biyu. Na zaci zan ga dogon mutum saboda muryarsa, sai ga shi bai kai kafaɗata ba. Ya tarbe mu da masa da balangu mai zafi, muka ci har na manta abin da ya kawo ni.

Da la'asar babban ɗan tsohon ya zo duba aiki. Komai ya zauna daram: sunan kowa na fitowa ƙarƙashin fuskarsa, layin shanu na tafiya a kan taswira. Ina jiran yabo, sai ya gyara zama.

"Malam, ina gaisuwar Baba? Wadda yay yi da hwarko."

Na ce na cire ta saboda ta yi tsawo, masu kallo za su ƙosa. A cikinta tsohon bai yi komai ba sai ambaton mutane yana yi musu addu'a.

"Waɗanga mutane su sunka ba shi wuƙa," in ji shi. "In babu su ciki, Baba ba ya kallo nai."

Mayar da gaisuwar ba wuya, amma ina mayarwa komai ya goce. Sunan babban wa ya koma ƙarƙashin fuskar ƙane, taswira ta faɗo kan wata tsohuwa tana magana. A gidan da ake lissafin girma, wannan kaɗai ya isa ya ɓata taro.

Gwanin bai tsine mini ba, dariya ya yi. Muka raba aiki. Na kulle yankana, na yi alkawarin ba zan sake taɓa ko ƙiftawar ido ba, na sa masa alama a duk inda sabuwar fuska ta shigo. Shi kuma ya fitar da kowane rubutu daban, ba bango a bayansa, ina ɗora shi a kan alamarsa. Sai ya kawo shawara: tunda gaisuwar ta dawo, me zai hana kowane suna ya fito a rubuce daidai lokacin da tsohon ya faɗe shi? Babban ɗan ya zauna tsakaninmu yana gyara mana wanda ke gaba da wani.

Ranar Asabar aka haska a bangon tsakar gida. Sunan mahaifin tsohon ya fito a hankali, na maigidan da ya koya masa sana'a ya biyo, sai na sauran. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ya sa jikarsa ta karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta kira sai gida ya amsa da Allah ya jiƙansa. Ni da na so jefar da wurin, idona ya cika da ƙwalla, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Washegari muka juyo da ƙunshin kilishi, wanda abokina ya cinye rabinsa kafin Gusau. Mun iso Kano lafiya, alhamdulillahi. Na koyi cewa ba a ɗora rubutu sai an kulle yanka, ba a kuma kulle yanka sai masu labarin sun gani. Abin da na ɗauka ɓata lokaci, shi mutanen gidan suka taru su gani.